Rediyon Hannu a Mubi: Ina Iyakar Jinsa?

A watan Mayu na shekarar 2013, Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Barno da Yobe da Adamawa, aka kuma katse layukan wayar salula. Mutanen Mubi suka wayi gari ba mai iya kiran ɗan'uwansa, fataken shanu ba su san halin da hanya ke ciki ba. A wannan lokaci akwatin rediyo shi ne ya zama kunnen jama'a. To, ga wanda ya ga wannan zamani, sayen rediyon hannu ba abin wasa ba ne, wajibi ne ya san abin da zai saya.

Daga cikin irin waɗannan na'urori akwai wadda ake kira sikana. Ita ba a magana da ita kamar oba-oba, saurare kurum ake yi. Aikinta shi ne ta riƙa bin zanguna ɗaya bayan ɗaya da sauri, inda duk ta ji murya sai ta tsaya. Tambayar da sabon shiga ya kan fara yi ita ce, daga nisan kilomita nawa take kamawa?

Amsar ba ta ga tsadar na'ura, tana ga tsawon wurin da aka tsaya. Zangunan da sikana ta fi bi, kamar na jiragen sama da ke tsakanin megahaz 118 da 137, suna tafiya ne a miƙe kamar hasken tocila. Dutse yana tare su, gini yana rage musu ƙarfi. Mutumin da ke tsaye a fili, da eriya daidai kafaɗarsa, hangen na'urarsa bai wuce kilomita 5 ba. In ya hau tudu mai tsawon mita 100, sai ya kai kilomita 40. Haka kuma tsawon eriyar mai aikowa yana ƙara nisan. Shi ya sa mai saurare a Mubi zai iya jin matuƙin jirgin da ke tafe mita 10,000 a sama, daga nisan ɗaruruwan kilomita, amma da wuya ya ji amsar da ake ba shi daga filin jirgin saman Yola, wanda ke ƙasa, kimanin kilomita 200 daga garin.

Ga kuma duwatsun Mandara da suka tokare Mubi ta gabas, wajen iyakar Kamaru. Wanda ke gindin dutse, abin da ke bayan dutsen ya ɓace masa, ko da nawa ya sayi na'urarsa. Ɗaga eriya bisa rufin ɗaki ko dogon ƙarfe yana ƙara nisan ji, amma ba ya hana dutsen tare zangon.

Akwai kuma abin da sikana ba ta iya yi sam. Ba ta jin hirar wayar salula, domin a kulle take da lambobin sirri. Galibinsu kuma ba sa kama gajeren zango, wanda shi ne ke tashi sama ya dawo ƙasa, har ya tsallake duwatsu da tekuna. Ta wannan zango ne Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ya shiga ƙauyukan Arewa. Saboda haka mai neman labarin duniya ran da waya ta yanke, ƙaramin rediyo mai gajeren zango ya fi masa amfani, ya kuma fi araha.

Abu na ƙarshe shi ne hattara. Rabon zangunan sadarwa a ƙasar nan yana ƙarƙashin doka, kuma a gari irin Mubi, wanda 'yan Boko Haram suka mamaye a watan Oktoba na 2014, na'ura mai doguwar eriya tana iya jawo wa mai ita tambayoyi a shingen jami'an tsaro. Ya kamata mai saye ya nemi bayani ga hukuma tukuna, ya kuma nisanci zangunan jami'an tsaro. Hausawa dai sun ce, rigakafi ya fi magani.