Daga Tsagar Fuska Zuwa Zanen Yatsa: Tsokaci a Kan Amincin Shaidar Jiki da Illolinta a Ƙasar Bungudu

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A yau yatsan nan ya zama mabuɗin abubuwa da dama a rayuwar Bahaushe. Da shi ake buɗe asusun banki, da shi ake tantance mai zaɓe, da shi ɗalibi ke shiga ɗakin jarrabawa. Dabarar gane mutum ta hanyar auna wata siffa ta jikinsa da na'ura, kamar zanen yatsa ko fuska ko ƙwayar ido ko murya, ita muka kira shaidar jiki a cikin wannan maƙala. Manufarmu ita ce mu duba yadda take aiki, da gwargwadon amincinta, da kuma inda take gazawa, muna masu ɗaukar misali daga ƙasar Bungudu ta Jihar Zamfara.

Shaidar Mutum a Gargajiyance

Gane mutum ta jikinsa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun zamanin yaƙe-yaƙe da hare-haren bayi, wanzami kan yi wa jinjiri tsagar gado, ta yadda da ganin fuska za a ce wannan Bazamfare ne, wancan Bagobiri, wancan kuwa Bakabe. Sai dai tsaga tana nuna zuriya ne kawai, ba ta ware mutum guda daga 'yan'uwansa. Aikin warewar yana hannun mai unguwa da dagaci da liman, waɗanda suka san kowa da uwarsa da ubansa da gonarsa. Da boko ya shigo, wanda bai iya sa hannu ba sai ya dangwala babban yatsa a takarda, a kotu ko a wurin karɓar bashi.

Turawa sun fara amfani da wannan dabara a mulkinsu na Indiya. A 1858 wani jami'i mai suna William Herschel ya sa wani ɗan kwangila ya danna tafin hannunsa a takardar yarjejeniya. A 1892 Francis Galton ya wallafa littafi a kan zanen yatsu, a 1901 kuma 'yan sandan Landan suka buɗe sashe na musamman dominsa.

Yadda Na'urar Ke Aiki

Zanen yatsa yana samuwa tun mutum na cikin mahaifa, kuma tsarinsa ba ya sakewa har mutuwa. Ko tagwaye masu kama ɗaya, nasu ya bambanta. Idan aka ɗora yatsa a kan na'ura, takan ɗauki hoton layukan, ta lura da wuraren da layi ya ƙare da inda ya rabu biyu, sa'an nan ta mai da su lambobi ta ajiye. Ranar da mutum ya dawo, sai ta gwada sabon hoto da tsohon. Da yake dannawa biyu ba sa taɓa zama daidai wa daida, na'urar ba ta neman cikakkiyar kama. Maki take bayarwa, in ya kai iyakar da aka ɗora mata ta karɓa, in bai kai ba ta ƙi.

Daga nan kurakurai iri biyu ke tasowa: ko ta ƙi mai gaskiya, ko ta karɓi baƙo. Lamarin ya yi kama da rariya. In ramukanta sun yi ƙanana, gari mai kyau zai maƙale tare da tsaki. In sun yi faɗi, tsakin zai bi gari ya wuce. Duk wanda ya matse iyakar don hana maguɗi, to, ya ƙara yawan masu gaskiyar da za a kora. Ana iya rage kurakuran biyu da na'ura mai inganci, amma ba a kawar da su ɗungum.

Amfanin da Aka Gani

Adalci ne mu fara da faɗin alherinta. Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a Fabrairun 2014, wadda ta ɗaure duk asusun mutum da yatsunsa da fuskarsa. Da taimakonta Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ba da sanarwa a Fabrairun 2016 cewa ta cire sunayen ma'aikatan bogi 23,846 daga jerin masu karɓar albashi. Hukumar zaɓe ta ɗauki zanen yatsun masu rajista a 2011, ta kawo na'urar karanta kati a 2015, sa'an nan BVAS mai duba yatsa da fuska, wadda aka yi babban zaɓen 2023 da ita. Wannan ya ƙuntata wa masu rajista sau biyu da masu zaɓe da katin wani. Haka kuma hukumar JAMB ta rage masu zauna wa wasu jarrabawa.

Hannun Manomi da Idon Na'ura

To, amma wane irin hannu na'urar ta fi iya karantawa? Mafi yawan mutanen Bungudu da Nahuce da Kwatarkwashi manoma ne. Hannun da ya shekara talatin yana riƙon ƙotar fartanya, yana yankan gero da dawa, yana cirar gyaɗa, layukansa kan shafe, kanta ta rufe su. Haka hannun magini mai cuɗanya da siminti, da na macen da ke surfe da daka da wanki kullum. Tsufa na sa fata ta saki, hunturu na busar da ita har ta tsattsage. Ƙunshi ma na iya kawo cikas, abin da ya sa JAMB ta gargaɗi ɗalibai da su guji sa lalle a yatsu. Wanda kuturta ko haɗari ya raba da yatsunsa kuwa ba shi da abin ɗorawa.

Marubucin wannan maƙala ya taɓa raka wani kawunsa, dattijo manomi, zuwa wani ofishi a Gusau domin tantancewa. An gwada yatsunsa goma, aka ce ya goga su a goshi ko sa ɗan yi maiƙo, aka sake gwadawa, na'ura ta ƙi. Mutanen garinmu da ke cikin layin duk sun san shi, amma shaidarsu ba ta da gurbi a tsarin. Ya koma gida da asarar kuɗin mota da aikin yini guda. Matsalar ba ta tsaya ga talaka ba: ranar 28 ga Maris 2015, na'urar karanta kati ta kasa tantance Shugaban Ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, a mazaɓarsa ta Otuoke. Bambancin shi ne, shi an sama masa mafita nan take.

Duba fuska ma na da nata rauni. A Disambar 2019 cibiyar ma'auni ta Amurka, NIST, ta gwada manhajoji 189 na gane fuska, ta tarar da yawansu sun fi ɗaukar wani a matsayin wani idan fuskar ta Ba'afirke ce ko ta mutumin Gabashin Asiya, a wasu lokuta ninki 10 zuwa 100 a kan fuskar Bature. Ko zanen yatsa ya taɓa jefa marar laifi cikin wahala. Bayan harin jiragen ƙasa na Madrid a 2004, hukumar FBI ta tsare wani lauya, Brandon Mayfield, mako biyu, bayan kwamfuta ta fito da sunansa, ƙwararru kuma suka amince. Daga baya 'yan sandan Sifen suka gano zanen na wani mutum ne daban.

Batun Tsaro

A Disambar 2020 gwamnati ta umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, a Afrilun 2022 kuma aka hana miliyoyin layukan da ba a haɗa ba yin kira. Babbar hujjar ita ce a gano masu satar mutane da ke kira don neman kuɗin fansa. Mutumin Zamfara ya san inda gizo ke saƙa. Sau da yawa ɗan bindiga da wayar wanda ya sace yake kira, saboda haka sunan da ke jikin layin na wanda aka zalunta ne. Fansa kuma hannu da hannu ake biyanta, da tsabar kuɗi ko babura, ba ta bi ta banki. Har ila yau, manyansu ba ɓoye fuska suke yi ba, an sha ganinsu a faifan bidiyo. Ashe sanin mutum daban, iya kama shi daban.

Bugu da ƙari, tantancewar banki da ta NIN na dogaro da layin sadarwa. Sa'ad da aka rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara a farkon Satumbar 2021 don yaƙi da 'yan bindiga, hidimomin da ke rataye da su sun tsaya cik. Mai gudun hijira da ya baro ƙauyensa ba kati ba waya, shi ya fi kowa buƙatar tallafi, shi kuma ya fi kowa wahalar cika sharuɗɗansa.

Illa mafi girma ita ce ta sata. In aka sace wa mutum mabuɗi, sai ya sake kwaɗo. In aka sace zanen yatsansa, ba shi da na sakewa. A 2015 an sace bayanan zanen yatsun mutum miliyan 5.6 daga ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka. A nan gida ma, a 2024 an ba da rahoton wasu shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Nijeriya a kan kuɗi ƙalilan, ko da yake hukumar NIMC ta musanta cewa an fasa ma'ajiyarta. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa shaidar jiki cikin bayanan da ke buƙatar kulawa ta musamman, sai dai ƙalilan ne a karkara suka san da ita, ga kuma masu zagayawa suna karɓar lambobin mutane da sunan tallafi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa shaidar jiki tana da ƙarfi wajen hana mutum guda zama biyu a rajista, amma tana da rauni a hannun manomi da tsoho da mai naƙasa, kuma ita kaɗai ba ta samar da tsaro. Don haka ya kamata a ɗauke ta a matsayin shaida ɗaya daga cikin shaidu, a bar hukunci a hannun mutum. Duk inda aka girke na'ura, a tanadi hanya ta biyu, ta fuska ko ta takarda ko ta tabbacin mai unguwa, don kada a kori mai haƙƙi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Mu ɗaliban Hausa kuma akwai aiki a gabanmu: mu ƙirƙiro kalmomin da suka dace, mu fassara dokar kare bayanai, mu kai ta gidajen rediyo, domin dattijon Bungudu ya san abin da yake miƙawa ranar da aka ce ya ɗora yatsa.