Hauhawar Jini ta Farat Ɗaya ga Masu Raunin Laka: Abin Lura ga Masu Jiyya a Karkarar Dawanau

1.0 Gabatarwa

A wannan maƙala za mu yi nazarin wata larura da ke sarƙe waɗanda lakarsu ta sami rauni. Hatsarin mota a hanyar Kano zuwa Katsina, ko faɗowa daga kan lodin hatsi a kasuwar Dawanau, na iya kai mutum Asibitin Ƙashi na Dala. Bayan sallama kuwa, jiyya takan koma hannun dangi.

2.0 Yadda Larurar Take Aukuwa

Head da Riddoch sun bayyana alamominta a 1917, sannan Guttmann da Whitteridge suka faɗaɗa bayani a Ingila a 1947. Galibi tana samun wanda rauninsa yake a gaɓa ta 6 ta ƙashin bayan ƙirji ko sama da nan. Idan wani abu ya takura jiki a ƙasan raunin, sai jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau. Saƙon da ƙwaƙwalwa take aikowa domin a sassauta ba ya iya ƙetare raunin. Mafi yawan musabbabi shi ne cikar mafitsara saboda toshewar robar fitsari. Sauran sun haɗa da taurin bayan gida, da gyambon kwanciya, da naƙuda.

3.0 Alamomi da Illoli

Majiyyaci yakan ji matsanancin ciwon kai, da gumi a fuska, da toshewar hanci, bugun zuciya kuma yakan ragu. Wajibi ne mu lura cewa awon jinin irin waɗannan mutane yakan tsaya tsakanin 90 da 110, saboda haka ƙarin 20 zuwa 40 haɗari ne, ko da ma'aikaci ya ga 140 ya ɗauka lafiya lau. In aka yi jinkiri, ana iya samun zubar jini a ƙwaƙwalwa ko a cikin ido, da jijjiga, da taruwar ruwa a huhu, da rikicewar bugun zuciya, har ma da rasa rai.

4.0 Kammalawa

Matakin farko shi ne a zaunar da majiyyaci a miƙe, a sauke ƙafafunsa ƙasa, domin kwantar da shi ƙara hawan jinin yake yi. Sai a sassauta tufafi, a duba robar fitsari ko ta lanƙwashe. In ciwon bai lafa ba, a garzaya asibiti, inda likita kan ba da magani irin su nifedifin. Muna ba da shawara a koya wa dangi waɗannan matakai kafin sallama, a kuma rubuta wa majiyyaci awon jininsa na yau da kullum a kati.