Abin da Ya Kai Masana'antar Siminti Cikin Daji

Masana'antar siminti mafi girma a Najeriya tana Obajana ne, a kan hanyar Lakwaja zuwa Kabba, wurin da ƙauye ne kafin Dangote ya isa. Haka Ashaka a jihar Gombe, da Kalambaina a gefen Sakkwato, da Malbaza a jihar Tawa ta Nijar. Duk dutsen farar ƙasa suka bi. Kafin a samu tan ɗaya na dunƙulen da ake niƙawa ya zama siminti, sai an ƙona kusan tan ɗaya da rabi na dutse da yumɓu, ragowar ya tashi a iska. Wanda ya ɗauko dutsen zuwa birni ya biya kuɗin mota kan nauyin da zai bi hayaƙi.

Masanin nan na Jamus, Alfred Weber, ya rubuta wannan lissafi tun 1909: kayan da nauyinsu ke raguwa wajen sarrafawa, a sarrafa su inda suke, waɗanda nauyinsu ke ƙaruwa, a matso da su kasuwa. Shi ya sa kamfanin lemon kwalba yake zaune a Challawa cikin Kano, tunda abin da ke cikin kwalbar galibi ruwa ne, kuma babu mai hankalin da zai yi dakon ruwa daga Legas.

Lissafin tsoho ne, tsadar hanya ce ta sa yanzu ya fi cizo. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyada da auduga da fatu sun riƙa tafiya bakin teku a kan kuɗi kaɗan. Layin dogon ya lalace, kaya suka koma bayan tirela, wadda buhun siminti 600 ne lodinta, ga tafiyar kusan kilomita dubu tsakanin Legas da Kano. Man gas ya yi tsada. Faɗuwar naira daga 2023 ta ɗaga kuɗin taya da kayan gyara. Ga shingayen jami'ai da 'yan karɓar haraji, kowanne da nasa rasit, wani ma babu rasit. Duk wannan a kan buhu yake sauka.

Gwamnati ma ta tura. Tun 2002 aka ɗaura lasisin shigo da siminti da sharaɗin gina masana'anta a gida. A shinkafa kuwa, shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 da rufe iyakoki a 2019 sun sa injinan casa sun yawaita a Argungu da Birnin Kebbi da Kano. Buhun shanshera idan an cashe shi kusan kashi ɗaya cikin uku ɓuntu ne da dusa, don haka gara a cashe kusa da fadama.

Sai dai zama kusa da gona bai isa ba, kuma Kadawa ce shaida. A 2016 aka buɗe masana'antar tumatir a can, tsakiyar gonakin ban-ruwa na kogin Kano, da ƙarfin markaɗa tan 1,200 a rana. A takarda babu wurin da ya fi nan, domin tumatir ruwa ne, kuma kwanduna na ruɓewa kafin su kai kasuwar Mile 12 a Legas. A shekarar ce tsutsar da ake kira tuta absoluta ta cinye gonaki. Bayan ta wuce kuma, manomi yana kai wa kamfani ne idan kaya sun yi yawa farashi ya karye. Da kasuwa ta tashi, sai ya sayar wa dillali. Injin ya riƙa aiki yana tsayawa. Dutse ba ya canza shawara, manomi kuwa yana da iyali da bashin taki, kuma ba laifinsa ba ne.

Sukari ya nuna ɗaya fuskar. Tan goma na rake ke ba da kusan tan ɗaya, kuma rake yana rage zaƙi da zarar an sare shi, shi ya sa injinan Numan da Sunti suke cikin gonaki. Amma manyan matatun suna Legas, domin ɗanyen sukarinsu daga Brazil yake zuwa ta jirgin ruwa. Haka kamfanonin fulawa da alkamar waje. Mai shayi da mai gidan burodi a Arewa su ke biyan kuɗin motar.

Garuruwan da masana'anta ta sauka sun samu aiki da kasuwa, sun kuma gaji ƙura, da titin da manyan motoci suka farfasa, da rigimar diyyar filaye. Lissafin kuma yana iya sake juyawa: an buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a 2023, ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ga bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kano mai tsawon kilomita 614. Masu masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano sun fi zuba ido kan bututun, domin bayan kuɗin mota, man janareta ne ke cinye musu riba.