Zafin bazara da kayan kallo: yadda ƙaramar fanka ke tsawaita ran dikoda da talabijin

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, zafin rana a Tamale da Bolgatanga da Wa kan kai digiri 38, wasu ranakun ma har ya haura 40. A Accra da Kumasi bai kai haka ba, amma duk wanda ke kwana a ɗaki mai rufin kwano a Nima ko Mamobi ko Aboabo ya san cikin ɗaki ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Mu mutane muna da mafita: a kunna fanka, a watsa ruwa, ko a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Dikoda da amfilifaya da na'urar gem ta yara kuwa suna kulle cikin kabad, suna aiki tun safe har tsakar dare.

A wannan lokacin ne ake yawan jin ƙorafi iri ɗaya a zangunanmu. Ana tsakiyar kallon ƙwallo hoto ya tsaya cak. Dikoda ta kashe kanta ta sake tashi. Sauti ya ɗauke ana cikin sauraren tafsiri. Sai ka ji ana zargin sigina, ko dumsor, ko a ce ai dama kayan hannu na biyu ne. Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa zafi ne kawai ya taru a inda ba shi da hanyar fita.

Daga ina zafin yake fitowa?

Kusan duk wutar da na'ura ta sha, ƙarshenta zafi take komawa. Dikoda ba ta cika wuce wat 20 ba. Talabijin mai inci 43 kan sha tsakanin wat 50 zuwa 100. PlayStation 5 kuwa idan ana cikin wasa tana shan kusan wat 200, wato kamar ka kunna tsofaffin ƙwayayen fitila biyu masu wat 100 ka rufe su cikin akwati. Wanda ya taɓa kai hannu kan irin wannan ƙwan fitila ya san me nake nufi.

Takardar da ke zuwa tare da PlayStation ta ce a yi amfani da ita a wurin da zafinsa yake tsakanin digiri 5 zuwa 35. Na'urorin gida da yawa ƙa'idarsu ba ta da nisa da wannan. Ka ga ke nan a Tamale cikin watan Maris, tun kafin a danna maɓalli ɗakin ya riga ya wuce iyaka.

Abin da zafi ya fi yi wa ɓarna shi ne kafasito, 'yan ƙananan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan allon cikin na'ura. Akwai wani abu mai ruwa-ruwa a cikinsu, zafi kuma yana busar da shi a hankali. Masu harkar lantarki suna da wani lissafi da suka daɗe suna aiki da shi: duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwar irin wannan kafasito gida biyu. Wanda zai yi shekara 8 sai ya yi 4, in an ƙara wasu digiri 10 ya koma 2. Shi ya sa ba a cika zargin zafi ba, don ba rana ɗaya yake kisa ba. Wata safiya dai za a kunna, jar fitila ta yi ta ƙiftawa, mai gyara ya buɗe ya tarar kan gwangwanin ya kumbura.

Ɗabi'unmu na ado

Akwai abubuwan da muke yi don tsafta da ƙawata falo, amma su ne ke shaƙe kayan. Kabad mai ƙofar gilashi da rufaffen baya shi ne na gaba. Sai jera kaya wani kan wani, dikoda a kan amfilifaya, akwatin intanet a kan dikoda, na ƙasa yana gasa na sama. Sai kuma matse su da bango. Kamfanin Sony ya ce a bar aƙalla santimita 10 tsakanin PlayStation da bango, kuma wannan shawara ta dace da sauran kayan.

Iyayenmu mata da amare, ku yi haƙuri, sai na taɓo leshin nan da ake lulluɓa wa talabijin da dikoda. Yana kare ƙura kam, amma yana toshe 'yan ramukan da zafi ke fita. A lulluɓe idan an kashe daga soket, a yaye da zarar an kunna.

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi

Nan ne mutane da yawa ke yin asarar kuɗinsu. Idan fanka ta hura mu muna jin sanyi ne saboda iska na busar da gumin jikinmu. Na'ura ba ta gumi. Abin da fanka za ta yi mata ɗaya ne: ta kwashe zazzafar iskar da ta taru a kewayenta, ta kawo ta ɗaki a madadinta. Ba za ta sa ta fi ɗakin sanyi ba, amma za ta hana cikin kabad ya zama tanda. In ka sa fanka cikin rufaffen kabad ba ƙofar shiga ba ta fita, zafin kawai kake juyawa.

Zazzafar iska sama take tashi, don haka dabarar ba ta da wuya. A gidana, kabad ɗaya ne ke ɗauke da dikoda da amfilifaya da akwatin intanet. Na kira kafinta ya huda rami biyu a falankin baya, ɗaya can sama, ɗaya can ƙasa. A ramin sama na ɗaura fanka mai faɗin santimita 12 tana zuƙo iska daga ciki tana fitarwa. Na ƙasa na bar shi a buɗe, sabuwar iska na shiga da kanta. Amfilifayar da a da ba ka iya barin tafin hannu a kanta, yanzu ɗumi-ɗumi kawai take yi.

Don gane ta inda fanka ke hurawa, duba gefenta, yawancinsu suna da 'yar kibiya. In babu, iska na fita ne ta ɓangaren da sandunan da ke riƙe da injin suke. Ko ka kunna ta ka kara 'yar takarda.

Wace fanka za a saya?

Da tsohuwar zuma ake magani. Fankar cikin tsohuwar kwamfutar tebur ta isa, kuma ana samun ta a wajen masu gyaran kwamfuta, ko Zongo Lane da Circle a Accra, ko Adum a Kumasi. Akwai mai santimita 8, akwai mai 12. Ɗauki babbar, don tana tura iska mai yawa ba tare da gudu sosai ba, ƙararta kuma ba za ta hana ka jin labarai ba. Kafin ka biya, juya ta da yatsa. In tana gurnani ko tana tsayawa, bar ta.

Irin waɗannan fankoki bolt 12 suke amfani da shi, ba wutar soket mai bolt 230 ba. Kada a haɗa su kai tsaye da bango. Cajar tsohon akwatin intanet mai bolt 12 za ta ɗauke su. A masu waya uku, ja da baƙa su ne na wuta, ta ukun ta auna gudu ce, a naɗe ta a bari. Wanda ba ya son harkar waya sai ya nemi fanka mai kan USB, mai bolt 5. Amfaninta shi ne in ka soka ta a bayan talabijin, a yawancin talabijin tare za su tashi, tare za su mutu, babu batun mantuwa.

Masu tsoron mita su kwantar da hankali. Fanka mai wat 2 in ta yi awa 10 kullum har wata guda, ba ta cinye yunit ɗaya ba.

Ƙura da sauran abokan gaba

Inda iska ta bi, ƙura ma nan za ta bi, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin hunturu. A manna guntun tsohon gidan sauro a ramin shigar iska. Zai tare ƙura, ya kuma hana kyankyasai da tsaka shiga, don su ma ɗumin suke nema. A riƙa karkaɗe shi duk mako biyu, a cire soket a share ramukan na'ura da burushi mai laushi.

Kada a ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle ko ledar ƙanƙara a kan na'ura, raɓar da za ta tsatso ta fi zafin illa. Kada kuma a buɗe bayan talabijin don dasa fanka a ciki. Manyan kafasito na riƙe wuta ko bayan an cire soket, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Sannan a sani fanka ba ta maganin wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan dumsor. Wannan aikin sitabilaiza ne da na'urar kariyar talabijin.

'Yan uwa masu gidan gem da gidan kallon ƙwallo, ku maganar ta fi shafa, don jarinku ne ke kan tebur. PlayStation biyar da talabijin biyar cikin kwantena suna iya fitar da zafi sama da wat 1000, kamar a bar dutsen guga a kunne yini guda, ga kuma numfashin samari. Fankar silin ba ta isa ba. Sai an huda bango ta sama an sa mai fitar da iska waje, an kuma bar ƙofa ko taga ta ɗaya ɓangaren.

Ga gwajin da ba ya cin ko sidi ɗaya. Yau da dare, bayan kayan sun yi awa biyu a kunne, buɗe kabad ka zura hannu har can sama. In ka ji ya fi ɗakin zafi sosai, to iska ta maƙale. Fara da buɗe ƙofar da raba kayan, sannan ka nemi kafinta kafin Maris ya kama. Allah ya ba mu bazara mai sauƙi.