ƘYAUREN TAGA, HULAR ƊARI DA GARKAR GIDA

Ƴan uwa na Ƙonni, Malbaza da Illela, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu iskar hunturu ta taso. Daga Nuwamba har Fabrairu tana busowa daga arewa maso gabas, da ƙura da sanyi. Ɗakin da tagarsa take wangame, nan yara suke kwana tari. In an toshe tagar da laka kuma, ɗaki ya rasa iska da haske. Magani shi ne ƙyauren taga, wanda ake buɗewa, ake rufewa.

A SA SHI TA WAJE

Hadarin damina daga gabas yake zo mana. In ƙyaure yana ta waje, ruwa ya doke shi ya zuba ƙasa. In yana ta ciki, ruwa ya kwanta a bakin taga, ya jiƙa gini, ya ci shi. Amma sakata ta ciki za a sa ta, saboda ɓarawo.

WANE IRI ZA A ZAƁA?

1. Asabari ko zana. Shi ne mafi araha, mutum yana iya yin abinsa. Yana tare rana, yana rage ƙura. Ba ya tare ɓarawo, ba ya daɗewa.

2. Katako. Ba ya ɗaukar zafi. Abokiyar gabarsa ita ce gara. A nemi busasshe, don ɗanyen katako yana karkacewa. A shafa masa fenti ko baƙin mai.

3. Kwano ko gangar ƙarfe da maƙeri ya shimfiɗa. Gara ba ta cin sa, amma da bazara yana zafi. Kada a karɓi gangar da aka taɓa zuba maganin ƙwari a cikinta.

4. Ƙarfe mai tsaga-tsaga, aikin mai walda. Iska tana shiga ko yana rufe. Ya fi tsada, ya fi ƙarko. Fenti ne yake kare shi daga tsatsa.

MU YI LISSAFI

Ga misali, don mu koyi ƙirga. A ce ƙyaure na farko jika 4 ne, ya yi shekara 2 gara ta cinye. Kowace shekara ya ci jika 2. Na biyu jika 10 ne, ya yi shekara 10. Kowace shekara ya ci jika 1. Wanne ne mai araha? Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Kafin ka tafi kasuwa, ka auna tsawon tagarka da faɗinta, ka rubuta a takarda. Ga amfanin karatu nan. Ka tambayi farashi wajen mutum 3. Ka buɗe ƙyauren, ka rufe, ka gwada sakata. In kuɗinka na taga ɗaya ne, ka fara da ta gabas ko ta arewa. Wajen kafawa, a zagaye bakin taga da ɗan siminti. Ba shi da nisa, masana'antarsa tana Malbaza.

HATTARA DA GARWASHI

Ɗaki ya rufu, kada a kwana da garwashi a ciki. Gawayi yana fitar da wata muguwar iska marar wari. Tana kashe mutum cikin barci. A fitar da wuta kafin a kwanta. Da hantsi a buɗe taga, rana ta shiga.

SAƘAR MATA

Ƙyaure yana tare iska, amma ɗumin jikin yaro daga tufa yake. Jariri ya fi babba saurin jin sanyi. Mata, ku saƙa masa hula, da safa, da ƴar riga. Kwarashi ɗaya da zaren ulu sun isa. In zare ya yi tsada, a sayi tsohuwar rigar sanyi a gwanjo. A warware ta, a wanke zaren, a shanya, a naɗe. Wadda ta iya ta koya wa ƴar uwarta. Abin da ya yi saura a sayar, don ba a rasa mai zuwa barkar haihuwa.

KUƊIN DAGA GARKA ZA SU FITO

Kada a buɗe rumbu don sayen ƙyaure. Geron da ka sayar da araha yau, da tsada za ka saye shi a tsakar damina. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga noman rani a duk faɗin Nijar. Mu nan kwarin Majiya mun riga mun san shi. Albasar Galmi ta yi suna har Abijan da Akara.

Wanda ba ya da fili a fadama, ya kewaye ƴar garka a bayan ɗaki da darni, saboda awaki da kaji. Ya zuba ruɓaɓɓen taki. Ya ba da ruwa safe da yamma. Salati ba ya wuce wata 2 an fara ci. Albasa sai wajen Maris ko Afrilu. Tumatir da kabeji suna son sanyi. Zogale kuwa, in ya kama, ganye ba ya yankewa. A ci wani, a sayar da wani, a ajiye kuɗin ƙyaure daban. Kafin hadarin farko, taga ta sami murfi.

A TATTAUNA A AJI

Taga nawa ce a gidanka? Nawa ne ba su da ƙyaure? Wa ya iya saƙa a garinku? Ku rubuta amsa, ku kawo wa malaminku.