Ɗalibin Harshen Waje da Muhasabar Kansa

Tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a shekarar 2011, kana aka kafa ta jiha a Kafin Hausa a 2013, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamido, iyaye da yawa a wannan yanki sun huta da ɗawainiyar tura 'ya'yansu Kano ko Zariya neman ilimi mai zurfi, wannan kuwa ni'ima ce da ta wajaba a gode wa Allah a kanta. Sai dai akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu tsakanin 'ya'yanmu masu karatun Larabci ko Faransanci, a gida suke yi ko a wasu jihohi, wato ɗaukar makin jarrabawa shi kaɗai ne ma'aunin sanin harshe.

Kwanakin baya, a wata walimar saukar karatu a cikin garin Dutse, an yi baƙo malami daga Sudan, sai mai gida, cike da alfahari, ya kira ɗansa wanda ya gama digirin Larabci a wata jami'a da sakamako mai kyau, domin ya yi tafinta. Baƙon nan ya yi magana da Larabcin littafi, a hankali, ba da karin garinsu ba, amma daga gaisuwa yaron bai ƙara gaba ba, ya tsaya yana sosa ƙeya, har sai da wani dattijo, wanda iyakar karatunsa zaure, ya karɓe shi. Yaron ba jahili ba ne, domin da za a rubuta masa jimlar a allo, da ya yi mata li'irabi tun daga mubtada'i har habari ba tare da tuntuɓe ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne hanzarin da ya kawo, wai shi ma sai a ranar ya san ba ya iyawa. Subhanallahi! Shekara huɗu cur mutum yana haddace takardun malamai daren jarrabawa, yana juye su da safe, bai taɓa zama ya gwada kunnensa da harshensa ba? Ai ko manomin riɗi ba ya kai kayansa kasuwar Shuwarin sai ya auna ya san tiya nawa ya ɗauko.

Asalin cutar sananne ne: da yawan ɗaliban nan karatun lauya suka nema, da bai samu ba suka karɓi harshe don kada a zauna a gida, wanda kuwa niyyarsa ta tsaya ga takardar shaida, himmarsa ba za ta wuce ranar jarrabawa ba. Gwamnati ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry a 1991, da na Larabci a Ngala ta jihar Borno, domin ɗalibi ya zauna inda ba a jin komai sai harshen, amma wanda ya je ya nemi 'yan garinsu ya zauna hira da Hausa, yadda ya tafi haka zai komo.

Malamanmu na tasawwufi sun daɗe suna horo da muhasaba, mutum ya binciki kansa kafin a bincike shi, masanan Turai ma a 2001 sun fitar da ma'auni mai matakai shida, daga A1 zuwa C2, wanda ke tambayar ɗalibi abin da zai iya aikatawa da harshen, ba yawan ƙa'idojin da ya haddace ba. Ya kai ɗalibi, wayar da kake kwana kana latsawa ta ishe ka alƙali. Kowace Juma'a ka naɗi muryarka ta minti uku kana ba da labarin makonka da harshen da kake koyo, ba tare da duba takarda ba, ka ajiye, bayan wata guda ka saurara, ka ƙirga inda ka yi inda-inda da inda Hausa ta kutso. Za ka ji kunya, ka daure, kada ka goge, domin da naɗin farko za ka gane ko ka ci gaba. In Faransanci kake yi, ka bar sashen Hausa na Rediyon Faransa ga mahaifinka, ka saurari labaran asali na Faransanci, ka rubuta abin da ka fahimta, sannan ka kai wa malaminka ko abokin da ba ya jin nauyinka ya gyara maka.