Sararin da ke Tsakanin Saɗara da Saɗara

Duk wanda ya taɓa zama kusa da alaramma a wata tsangaya ta ƙasar Sassumbrum, ko Magarya ko Dungas, sa'ad da yake rubuta Alƙur'ani da ka, ya san cewa aikin ba ya ƙarewa da zuba baƙi, domin sai tawada ta bushe sa'an nan a komo da ja a sa wasali, a ɗiga rawaya a gurbin hamza. Kuma tun farko marubucin ya bar sarari tsakanin saɗara da saɗara, don kada wasalin sama ya hau kan na ƙasa. Ba muna gwama Littafi Mai Tsarki da kiɗa ba ne, Allah ya tsare. Sana'ar alƙalami kaɗai muke nufi, gama mushkilar da malamanmu suka warware tun kaka da kakanni ita ce yau take wahalar da masu rubuta kiɗa da kwamfuta.

Rubuta sauti ba baƙon ilmi ba ne ga Musulmi, tun da Safiyuddini al-Urmawi, wanda ya rasu a 1294, ya yi shi da haruffan abajada a cikin Kitabul Adwar. Amma tsarin da ya game duniya shi ne na layuka, wanda ake danganta asalinsa ga wani rahibin Italiya, Guido na Arezzo, a ƙarni na 11. Kowane makaɗi yana da sahunsa mai layi biyar, ɗigo ya hau idan sauti ya yi sama, ya sauka idan ya yi ƙasa. Madugun makaɗa kuwa, wanda ke tsaye a gaba da ɗan sanda, shi ake tara wa sahun kowa a shafi guda, masu busa sarewa a sama, sai masu ƙahonin tagulla, sai masu ganga, masu goge a can ƙasa, har ya kan zama sahu talatin jere kamar kunyoyin gona, alhali kuwa kallo ɗaya ne rabonsa kafin ya ɗaga kai ya dubi jama'arsa.

A da, gwanayen birnin Laifzig na Jamus su kan sassaƙa wannan shafi a kan farantin ƙarfe, a juye, kuma kafin su buga ɗigo ɗaya sai sun auna inda kowane abu zai zauna. Da manhajoji suka zo, Finale a 1988, Sibelius a 1993, aikin wata ya koma na kwana, sai dai kyau ya ragu, saboda na'ura ta san hisabi amma ba ta san gajiyar ido ba. Ga misali guda: hankali zai ce sautin da ya ninka wani tsawo a ba shi ninkin fili, amma masassaƙan sun daɗe da gane cewa yin haka ya kan bar wani gefen shafi fayau, wani gefen cunkus, don haka ƙari kaɗan suke yi masa. Littafin Elaine Gould na 2011 ya tattara irin waɗannan ƙa'idoji, ya zama kamar nahawun sana'ar.

Mafi yawan gyaran da ake yi yanzu ragi ne. Idan masu sarewa biyu suna tafiya tare, a haɗa su a sahu ɗaya, abin da manhajar Dorico ta soma yi da kanta a 2019. Idan wani makaɗi zai yi shiru shafi guda, a ɗauke sahunsa, sauran su sami wurin numfashi. A ƙara girman lambobin da madugu ke kira idan ya ce a koma wuri kaza. Game da manhajar da za a yi aikin da ita, Finale dai kamfaninta ya daina sayar da ita a 2024, MuseScore kuwa kyauta ce, wanda ya sa ita ce ta fi kusa da hannun ɗalibin Damagaram ko na cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai.

To, a nan ne tamu matsalar take. Wanda ya yi niyyar rubuta kiɗan fadar Sarkin Damagaram zai tarar ba a yanka rigar nan don algaita da kakaki ba, balle kalangu, wanda muryarsa ke zamewa tsakanin sauti da sauti gwargwadon matsar tsarkiya a hammata. Wajibi ne ya ƙago wa kansa alama, ya bayyana ma'anarta a shafin farko, ya sa mai waƙa a sama da 'yan amshi dab da shi, ya kuma tabbata irin rubutun da ya zaɓa yana da ƙ da ɗ da ɓ, kada baitin ya fito da ramuka. A ganina ma, ganga ba ta bukatar layi biyar; ɗaya ko biyu sun wadatar.

Saboda haka, ya kai mai wannan aiki, kada gilashin kwamfuta ya ruɗe ka, domin a can kana iya kumbura ɗigo yadda ka so. Buga shafin a takarda, ka ajiye shi nesa da kai kamar kamu biyu a hasken fitila, ka kira wanda bai taɓa ganinsa ba ya nuna maka sahun algaita. In ya tsaya lalube da yatsa, koma ka ƙara sarari.